Zafin Bazara A Kuyello: Sauƙin Da Shari'a Ta Bayar Da Hakkin Da Ke Wuyanmu

Godiya ta tabbata ga Allah Mai jujjuya dare da rana, tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Daga ƙarshen watan Fabrairu, idan ƙurar hunturu ta kwanta, har zuwa saukar ruwan farko a wajen watan Mayu, mutanen Kuyello da sauran garuruwan gabashin Birnin Gwari suna shiga lokaci mafi tsanani a shekara. Rafuka sun ƙafe, rijiyoyi sun ja baya, ga sharar gona tana jiran manomi. Da yawa daga cikinmu mun ɗauki zafin bazara abin da ake jurewa kawai a yi shiru. Alhali zafi yana kisa, kuma addininmu ya yi masa tanadin hukunce-hukunce tun a Madina.

Shekarar 2024 ta isa wa'azi. Azumin 1445 ya faɗo daga 11 ga Maris zuwa 9 ga Afrilu, daidai da wani matsanancin zafi da ya rufe yankin Sahel. A ranar 3 ga Afrilu ma'aunin zafi ya kai 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, kuma asibitin Gabriel Touré da ke Bamako ya karɓi mutuwar mutum 102 a kwana huɗun farko na watan, da yawa daga cikinsu tsofaffi. Bayan wata biyu, a aikin Hajjin wannan shekarar, zafi ya kai 51.8 a Makka, hukumomin Saudiyya suka sanar da rasuwar mahajjata fiye da 1,300. Allah Ya jiƙansu da rahama.

Ya kamata ɗalibi ya san cewa zafi iri-iri ne, kowace ƙasa da nata. Sakkwato da Maraɗi suna bakin hamada, ruwansu na shekara kaɗan ne, ma'auni yakan wuce 40 a watan Afrilu, iskarsu kuma busasshiya ce. Legas ba ta cika kaiwa wannan adadi ba, amma iskarta cike take da laima, gumi ba ya bushewa, jiki kuma da bushewar gumi yake sanyaya kansa. Jos tana kan tudu mai tsawon kimanin mita 1,200, kuma duk hawan mita 1,000 yana rage zafi da kusan digiri shida, shi ya sa mutanenta suke neman bargo a daren da mu muke neman fifita. Ƙasar Birnin Gwari tana tsakani: ruwanmu ya fi na Sakkwato yawa, ya kuma riga shi sauka. Sai dai a makonnin da ke gab da damina, iskar kudu takan kawo laima ta haɗu da zafin da ke ƙasa, dare ya ƙi yin sanyi. Wannan ne lokacin da ya fi haɗari ga tsoho da jariri.

Sabo ma yana da nasa tasiri. A 2003 zafin da bai kai na Sakkwato ba ya kashe mutum kusan 15,000 a Faransa, domin gidajensu an gina su ne don riƙe ɗumi. Saboda haka ɗan Kuyello da ya tafi karatu Sakkwato, ko alhajin da ya sauka Makka, kada ya yaudari kansa da cewa ya saba da rana. Jiki yana buƙatar kamar mako ɗaya zuwa biyu kafin ya saba da sabon yanayi.

Shari'a ta lura da wannan bambanci. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira (RA) umarnin Manzon Allah (SAW) na jinkirta sallar azahar idan zafi ya tsananta, har gari ya ɗan yi sanyi. Malaman Malikiyya, irin su Ibn Abi Zaid mai Risala, sun so masallatan jama'a su jinkirta azahar a lokacin zafi. An rataya hukuncin ne a kan tsananin zafi, don haka limamin Kuyello a watan Afrilu yana da dalilin da limamin Jos ba lalle ya samu ba. Limaman Juma'a kuma su tuna da waɗanda sahu ya kai su waje a kan tabarma cikin rana, su gajarta huɗuba, gajartawar ma ita ce sunna.

Akwai masu ganin cewa wahalar da kai a rana ƙarin lada ne. Bukhari ya kawo labarin Abu Isra'il, wanda ya yi bakancen tsayuwa a rana ba zama, ba inuwa, ba magana, yana azumi. Annabi (SAW) ya sa aka umarce shi ya zauna, ya shiga inuwa, ya yi magana, ya cika azuminsa. A Hajjin Bankwana kuma Muslim ya ruwaito cewa an ɗaga tufa an yi wa Annabi inuwa har ya gama jifa. Mai azumin da ƙishirwa ta kai shi ga tsoron halaka, wajibi ne ya sha ruwa ya rama daga baya. Manomi ko lebura ya kwana da niyyar azumi, ya mayar da aikinsa sassafe, idan ya kai ga galabaita ta gaske ya karya gwargwadon larura. Watan azumi yana matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara, yana nufar hunturu, amma bazara tana nan daram da ramuwa da nafilfili da aikin gona.

Magidanta su riƙe alamomin haɗari: ciwon kai mai tsanani, jiri, amai, fitsari kaɗan mai duhu. Idan mutum ya fara sambatu ko ya suma, jikinsa ya yi zafi rau, kada a ɓata lokaci ana cewa iska ce ta taɓa shi. A kai shi inuwa, a sassauta tufafinsa, a jiƙa jikinsa da ruwa, a yi ta fifita, a garzaya asibiti ana addu'a a hanya. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a ɗura masa ruwa. Wanda yake iya sha, a haɗa masa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Jaririn da bai kai wata shida ba, nonon uwa ya ishe shi, a dai yawaita ba shi. Tsofaffi kuwa ba su cika jin ƙishirwa ba, sai a miƙa musu ruwa tun ba su tambaya ba.

Bazara ce kuma lokacin sanƙarau, wanda ya hallaka mutum fiye da 11,000 a Nijeriya a 1996. Cunkoso a ɗaki marar taga yana taimaka masa. Shekarun rashin tsaro sun hana mutane kwana a tsakar gida kamar da, sun kuma tara 'yan gudun hijira a ɗakunan kwano. Wanda Allah Ya hore wa ɗaki ko rumfa ya rage wa ɗan'uwansa matsi. Malaman tsangaya da Islamiyya su raba makwancin almajirai, su mayar da karatun rana ƙarƙashin bishiya ko bayan la'asar, a kuma karɓi rigakafi idan ma'aikatan lafiya sun zo.

Kakanninmu sun bar mana dabaru da suka dace da busasshiyar iskarmu. Ginin ƙasa mai rufin azara ya fi kwano sanyi da rana, randa kuma tana sanyaya ruwa ba tare da lantarki ba. A kan wannan hikima ce Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu don adana kayan miya, har ya sami kyautar Rolex a shekarar 2000. Mai rufin kwano ya sa silin, ko ya shimfiɗa zana a kai, ya buɗe tagogi masu fuskantar juna.

Babbar ni'imarmu ita ce bishiya. Dajin Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936 aka mayar da shi gandun ƙasa a 1999, yana cikin ƙasar Birnin Gwari, amma saran katako da ƙona gawayi suna cinye kaɗanya da ɗorawa da maɗaci a gonakinmu. Bishiyar da aka sare cikin sa'a guda sai ta shekara ashirin ba a mayar da inuwarta ba. Ya inganta a hadisi cewa dashen da mutum ko dabba ko tsuntsu ya ci daga gare shi sadaka ne ga mai shi. Sayyidina Usman (RA) ya sayi rijiyar Ruma ya yi waƙafinta ga Musulmi, Sa'ad bn Ubada (RA) kuma ya yi wa mahaifiyarsa sadakar ruwa bayan rasuwarta.

Muna kira ga kowane kwamitin masallaci a Kuyello da kewaye ya ajiye randa a ƙofa duk tsawon bazara, ya san gidajen tsofaffi da marasa lafiya na unguwarsa, idan damina ta sauka kuma ya dasa darbejiya ko mangwaro a harabarsa, ya naɗa mai ba su ruwa har su kama. Dabbobinmu ma suna da hakkin inuwa da ruwa a kanmu. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya sanya mu a inuwarSa ranar da babu wata inuwa sai taSa.