Yadda Ake Ceto Tsohon Dabul-bes

A watan Yulin 1961 wani matashin makaɗin jaz na Amurka, Scott LaFaro, ya rasu a hatsarin mota a jihar Niyok yana da shekara 25. Motar ta kama da wuta, abin kiɗansa kuma yana ciki: dabul-bes, babban gogen Turawa mai tsirkiya huɗu, wanda ya kai tsawon mutum, a tsaye ake kaɗa shi. Wani mai suna Abraham Prescott ne ya ƙera shi wajen 1825. A hatsarin gogen ya babbake, ya farfashe, har aka fid da rai. Sai a 1988 wani mai gyaran dabul-bes, Barrie Kolstein, ya kammala gyaransa, aka sake jin muryarsa.

Irin wannan gyara ba aikin kafinta ba ne, ko da gwani ne. Kafinta burinsa ya haɗa abu ya kame har abada. Mai gyaran dabul-bes kuwa yana aiki ne da tunanin wanda zai sake buɗe shi bayan shekara hamsin. Shi ya sa ba ya amfani da mannen zamani, sai wanda ake dafawa daga fatar dabbobi. Wannan manne yana riƙe katako gam, amma da ɗumi da ɗan danshi sai ya saki. Haka ake ɗaga murfin gaba a hankali da siririyar wuƙa, a wanke kowace tsaga, a haɗa bakinta, sannan a bi ta ciki da 'yan ƙananan facin katako. Inda wuta ko ƙwari suka cinye, sai a sassaƙo irin itacen a cike gurbin, ba tare da an rage lafiyayyen ba.

Babbar ɓarnar da masu karambani ke yi ita ce kankare tsohon shafen jikinsa don ya yi ƙyalli. Wannan shafe na asali yana cikin darajar abin; in ya tafi, ba ya dawowa.

Ba hatsari kaɗai ke fasa dabul-bes ba. Busasshiyar iska irin ta hunturu tana sa katakon ya tsuke har ya dare. Duk wanda ya tarar da irinsa ya tsage a makaranta ko majami'a, ya ɗan sassauta tsirkiyoyin, ya tattara ko da ɓarɓashin katakon ne ya adana, kada ya ɗiga masa gam, ya nemi masanin aikin.