Ganyen Darbejiya Ba Ya Tsayar Da Tirela

Duk mai bin hanyar Kano zuwa Daura ta Kazaure ya san wannan ɗabi'a. Mota ta lalace, direba ya karyo ganyen darbejiya ya watsa a kwalta, bakanike ya shige ƙarƙashinta, ƙafafunsa miƙe a kan titi. Yaronsa na tsugune ta gefen da motoci ke wucewa, sifana a hannu ɗaya, fitilar waya a ɗayan. Ganyen kuwa bai fi taku biyar da motar ba.

Don Allah, direban tirelar da ya kwaso gudu da magariba, cikin hazon hunturu, ta ina zai hango ganye har ya taka birki? Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cinye kusan mita 28 cikin daƙiƙa guda. Kafin ya ce "Innalillahi" ya riga ya iso kansu. Sai a taru a ce tsautsayi ne. Tsautsayi gaskiya ne, amma wannan ganganci ne tsagwaronsa.

Masu faci ma ba su da ta cewa: injin iska a bakin kwalta, suna kwance taya sun juya wa titi baya. Haka 'yan dako ranar kasuwa a Babura, Roni ko Gwiwa, buhu a ka, ba a waiwaye.

In mota ta lalace, a fara tura ta ta sauka daga kwalta kafin a taɓa ko noti ɗaya. In ta ƙi motsi, a kafa jar alamar nan mai kusurwa uku can nesa, inda mai tahowa zai samu damar rage gudu. Ba don tsoron jami'an kiyaye haɗurra kaɗai ake ajiye ta a but ba. Rigar nan mai walƙiya da dare ba ta kai kuɗin gyaran karaya ba, maigida ya saya wa yaransa. Direbobi kuma, ƙa'idar gudu cikin gari kilomita 50 ce.

Hukumar kiyaye haɗurra, FRSC, wadda aka kafa a 1988, tana da lambar gaggawa 122; a adana ta a waya. In an gama gyara kuma, a kwashe duwatsun da aka tokare taya da su, domin ɗan acaɓan da ke tafe cikin duhu bai san da su ba.