Ƙaba: Ƙullutun da ke komawa, har ranar da ya ƙi

Da farko ɗan kumburi ne a matsematsi. Mutum ya yi tari ko ya ɗaga buhun masara, ya ɓullo; ya kwanta rigingine ya danna da yatsa, ya koma ciki. Wannan komawar ce ke yaudarar maza, har a yi shekaru ana jiƙe-jiƙe, ana ɓoye abin cikin babbar riga saboda kunya.

Hanji ne ke leƙowa ta inda bangon ciki ya yi rauni. Maza sun fi kamuwa domin tun a cikin mahaifa 'ya'yan maraina kan sauko ta wata kafa a matsematsi, kuma wurin ba ya yin ƙwari kamar sauran. Kusan 27 cikin 100 na maza kan gamu da ƙaba a rayuwarsu, mata kuwa 3 kacal. Tari mai naci, yunƙurin bayan gida da dako duk suna ƙara tura ta.

Babban haɗarin shi ne ranar da kafar ta shaƙe hanjin. Ƙullutun ya yi tauri, ya ƙi komawa, ga azabar ciwo da amai, ko tusa ba ta fita. Jini ya daina isa wurin, cikin sa'o'i kaɗan hanjin ya fara ruɓewa. Nan sai tiyatar gaggawa, wani lokaci har a yanke wani sashensa.

Babu saiwa ko ƙwayar da ke toshe kafar, aiki ne kawai, inda likita kan yi faci da raga. Wani bincike a Uganda, wanda aka wallafa a 2016, ya nuna ragar gidan sauro mai araha da aka kashe wa ƙwayoyin cuta tana yin aiki kusan daidai da mai tsada.