Aikin Taswira a Jere: Misali Daga Gonakin Bakolori

A shekarar 1978 aka kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan Kogin Sakkwato, kusa da Talata Mafara. Kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ne ya gina ta, aka kuma tsara ta shayar da kimanin hekta 23,000 a ƙasar Mafara da Bakura da Maradun. Wanda ya bi ta Janbako da rani ya san yadda wurin yake: shinkafa shar a gefen magudanun ruwa, can gaba kaɗan kuma ƙasa ta bushe ƙayau. Tambayar da ma'aikatan Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima ke fama da ita kullum ita ce: wace gona ce ruwa ya isa, wacce ce bai isa ba?

Ana iya samun amsar daga sama. Taurarin ɗan'adam na Sentinel-2, waɗanda Turai ta fara harbawa a 2015, suna ɗaukar hoton wuri ɗaya kusan duk kwana biyar, kowane ɗigo a hoton kuma yana wakiltar mita goma a ƙasa. A shekara ke nan hoto ya haura saba'in, kuma kyauta ake samunsu. Sai dai ɗanyen hoto ba ya faɗin komai sai an sarrafa shi.

Ga abin da ma'aikacin taswira zai yi wa hoto guda a manhajar QGIS ko ArcGIS. Zai yanke iyakar yankin noman, ya zubar da saura. Zai cire inda gajimare ya rufe. Zai kwatanta jan haske da wani haske da ido ba ya gani, wanda lafiyayyen ganye ke mayarwa da yawa, don ya gane ƙarfin shuka. Daga nan ya ɗora taswirar gonaki a kai, ya fitar da lissafin kowace gona a jadawali. Hoto ɗaya ba wahala. Amma a ce sau saba'in, da hannu? Kafin ya kai na ashirin ido ya gaji, ya manta mataki, ko ya sa wa fayil sunan wani.

Maganin shi ne a tsara matakan sau ɗaya, a bar wa kwamfuta maimaitawa. A ArcGIS akwai ModelBuilder, QGIS ma tana da irin nata allon zane. Kowane mataki akwati ne, ana haɗa su da kibiya, abin da ya fito daga na farko ya shiga na biyu, har zuwa ƙarshe. Sai a nuna wa tsarin jakar da hotuna suke, ya riƙa ɗauko su ɗaya bayan ɗaya, yana sa wa kowane sakamako kwanan watansa. Wanda ya iya yaren Python kuwa, da 'yan layuka zai rubuta umarnin, ya tafi sallar Azahar, ya dawo ya tarar an yi nisa.

Abin ya yi kama da injin casar shinkafa. Mai inji yakan saita shi da safe, buhuna su yi ta wucewa. Idan saitin ya yi daidai, kowa ya tafi da shinkafa mai kyau. Idan ya matse da yawa, duk wanda ya kawo buhu ranar nan tsaki zai kwasa.

Yankin Bakolori yana da nasa tarkon. Tsarin awon duniya da ake kira UTM ya raba ƙasa shiyya-shiyya, kuma layin digiri shida na gabas, wanda ya raba shiyya ta 31 da ta 32, ya ratsa tsakanin Bakura da Talata Mafara. Ga kuma tsofaffin taswirorin Najeriya da aka auna da ma'aunin Minna, alhali hotunan yanzu na WGS84 ne. Idan ba a mayar da komai kan awo ɗaya tun a matakin farko ba, iyakokin gonaki za su goce, a rubuta wa wani manomi shukar maƙwabcinsa, kuma a maimaita kuskuren a hoto saba'in ba tare da kwamfuta ta ce uffan ba.

Shi ya sa masu aikin suke fara gwada tsarin a kan hoto ɗaya da gonaki kaɗan waɗanda suka sani. Wani ya hau babur ya je Janbako, ya tsaya a bakin magudana, ya duba ko gonar da jadawali ya ce ta sha ruwa da gaske ta sha. Gani ya kori ji. Sai abin da ke allo ya dace da abin da ke ƙasa, sannan a sakar wa inji sauran hotunan.