Kyautar da Ke Ci Gaba Bayan Mai Ita: Ire-iren Asusun Taimako

Baikon Lahadi da na godiyar kaka mun san yadda ake yi da su: ma'aji ya ƙirga, dattawa su zauna, kafin shekara ta zagayo an kashe. Amma akwai wata kyauta da yawancinmu ba a koya mana karɓarta ba, wato wadda mai bayarwa ke so ta ci gaba da aiki bayan ransa. Manomin rake daga Makarfi ko ɗan kasuwar hatsi a Paki zai iya zuwa ya ce ya ba da gona, ko shago, ko kuɗi, domin marayu su yi karatu. Idan fasto ya sa albarka kawai ya karɓa, sau da yawa rigima ce ya ajiye wa wanda zai gaje shi.

Maƙwabtanmu Musulmi sun daɗe da tsari a kan wannan, suna kiransa wakafi ko hubusi. Ƙa'idarsa ita ce a tsare asalin dukiya, ba a sayarwa, ba a rabon gādonta, amfaninta kaɗai ake ci. Akwai na jama'a, kamar rijiya ko makaranta ko maƙabarta, akwai kuma na zuriyar mai bayarwa. Jihar Kano ta kafa Hukumar Zakka da Hubusi a 2003, Zamfara da Sakkwato ma suna da nasu hukumomin. Dattijon da ya zo wurinka daga ƙauyukan Ikara ko Kudan, irin wannan ya taso yana gani, kuma mai yiwuwa shi ne a ransa ko da bai ambaci sunan ba.

Wani tsarin kuma daga Amurka ya fito, shi ne gidauniyar al'umma. Ta farko an kafa ta a birnin Cleveland a 1914, ta hannun Frederick Goff, lauya kuma shugaban banki. Ya lura ba kowa ke da arzikin kafa gidauniya tasa ba. Sai ya ce a yi guda ɗaya ta gari, kowa ya buɗe asusunsa a ciki, a juya kuɗin tare, kwamitin mutanen gari ya kula da rabo. Kamar sito ne a kasuwa: rufi ɗaya, mai gadi ɗaya, amma kowane buhu da sunan mai shi. Asusun da ake buɗewa iri-iri ne, kuma abin da ya bambanta su tambaya ɗaya ce: bayan an miƙa kyautar, wa ke da ta cewa?

Mafi sauƙi shi ne asusun da ba a ɗaura masa sharaɗi ba. Mai bayarwa ya ce wa kwamiti, ku duba abin da gari ya fi bukata kowace shekara. Bana kwalara ce, baɗi rufin aji ne da iska ta yaye. Masu riƙon amana sun fi son irin wannan, masu bayarwa kuwa sun fi gudunsa, don yana bukatar yarda mai yawa. Kusa da shi akwai asusun fanni: mutum ya faɗi ɓangaren da ya dame shi, misali lafiyar mata masu ciki ko karatun yara mata, amma bai ce ga wanda za a ba ba. A ganina wannan ya fi dacewa da yawancin mutanenmu, domin ya riƙe nufin mai bayarwa ba tare da ya ɗaure hannun na baya ba.

Sai asusun da aka keɓe wa wuri guda da suna, wata makaranta ko wani ɗakin shan magani. A nan ne matsalar da ta dami Goff take, wato matacce ya ci gaba da mulkin dukiya daga kabari. A 1851 wani attajiri mai suna Bryan Mullanphy ya rasu a birnin St. Louis, ya bar kashi ɗaya cikin uku na dukiyarsa don taimakon matalautan matafiya masu ratsa garin za su yammacin Amurka neman wurin zama. Zamani ya juya, irin waɗannan matafiya suka yi ƙaranci, kuɗi suka taru, sai da aka yi ta shari'a a kan yadda za a yi da su. Mu ma haka za ta iya same mu. Da wani ya rubuta shekara arba'in baya cewa amfanin gonarsa na kananzir ɗin fitilun majami'a ne kawai, ko na kekunan masu bishara, yau me za a yi? Shi ya sa gidauniyoyin al'umma ke sa wani sharaɗi a takardarsu: idan manufar ta mutu ko ta gagara, kwamiti na da iko ya karkata kuɗin zuwa abin da ya fi kusa da ita. Kada ka karɓi kyauta mai ɗorewa babu wannan layin.

Akwai kuma asusun da mai bayarwa ke ba da shawara a kansa, wanda gidauniyar birnin New York ta fara a 1931. Dukiyar ta fita daga hannunsa gaba ɗaya, amma kowace shekara yakan ce a taimaki kaza da kaza. Shawara ce, kwamiti na iya ƙi. A ikkilisiya wannan na bukatar ido sosai, don nan da nan mai kuɗi kan zama dattijon da ba a zaɓa ba, fasto ya koma yana auna wa'azinsa da fuskar mutum ɗaya. Asusun tallafin karatu ma da nasa tarkon. Idan ba a rubuta yadda ake zaɓen yara ba, kuma ba a hana mai bayarwa zaɓa shi kaɗai ba, a ƙarshe kuɗin makarantar jikokinsa ne ya biya da sunan taimako.

Kowane cikin waɗannan zai iya zama na dindindin, ko kuwa a yarda a kashe shi duka cikin shekaru kaza. A Amurka sukan kashe wajen kashi 4 zuwa 5 cikin ɗari a shekara, uwar kuɗi ta zauna. Kada mu kwafi wannan lissafi ido rufe. A 2024 hauhawar farashi a Nijeriya ta wuce kashi 30 cikin ɗari, dala kuma da take ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati a farkon 2023 ta haura 1,500. Kuɗin da aka ajiye a banki da sunan dindindin narkewa suke yi kamar gishiri a ruwa. Gona ko shago sun fi jure wa zamani, idan kuwa tsabar kuɗi ce kaɗan, gara a yi aikin yanzu a haƙa rijiyar.

Ko da babu gidauniyar al'umma kusa da kai, ikkilisiya ko majalisar gunduma za ta iya riƙe asusu a kan wannan tsari. Sai dai dukiyar ta kasance da sunan amintattu masu rajista a Hukumar Rajistar Kamfanoni bisa dokar 2020, ba da sunan fasto ba, don fasto baƙo ne, gobe ana iya sauya masa wurin aiki. Ka tuna a 2 Korintiyawa sura 8 Manzo Bulus bai yarda ya ɗauki gudummawar Urushalima shi kaɗai ba, sai tare da wanda ikkilisiyoyi suka zaɓa. Idan gona ce, a auna iyakarta a gaban dagaci, a nemi takarda daga ƙaramar hukuma, wadda Dokar Filaye ta 1978 ta ba ikon ba da izinin mallakar filin karkara. Sannan a roƙi mai bayarwa ya miƙa tun yana da rai da lafiya, matarsa da 'ya'yansa na zaune, kowa ya sa hannu.