Gidan Jiyyar Masu Shan Ƙwaya A Cikin Unguwa

Jama'a, an yi wannan takarda domin a karanta ta a gida, maza su ji, mata su ji. In maigida ba ya karatun boko, ya sa yaro ɗan makaranta ya karanta masa a zaure, sa'an nan a shiga da ita cikin gida.

Ni ma'aikacin ɗakin shan magani ne. A garin da na ke aiki hukuma ta nemi ta gyara wani tsohon gini da ke tsakiyar unguwa, ta mai da shi wurin jiyyar waɗanda ƙwaya ta kama. Da labari ya bazu sai unguwa ta ɗauki zafi. Aka taru ƙofar gidan mai unguwa bayan la'asar, ni ma aka kira ni. Wani dattijo ya ce a kai su daji, can inda ba mai jin ihunsu. Wani mai gidajen haya ya ce 'yan hayarsa za su tashi. Wani kuma ya ce 'ya'yansa mata uku ne, ba ya yarda su riƙa ratsa ƙofar 'yan ƙwaya in za su Islamiyya. Na saurare su duka, ban ji wanda ya yi maganar banza ba. Amma ina zaune ina duban fuskoki, sai na ga cikin masu ɗaga murya akwai waɗanda aka taɓa kawo mini 'ya'yansu da tsakad dare, yaro yana jijjiga, kumfa na fita a bakinsa. Ba ni faɗin sunan kowa, gama asirin majiyyaci amana ne. Abin da ban sami damar ƙarasawa ba a wurin taron shi ne na rubuta nan, don na ji ba garinmu kaɗai a ke wannan gardama ba.

Daga ina za a kawo su?

Tambayar da kowa ya fara yi ke nan. To, ba za a ɗauko su daga wata uwa duniya ba. Suna nan tare da mu.

Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai lura da sha'anin ƙwaya, sun yi bincike a Nijeriya duka, aka bayyana sakamakonsa a watan Janairu na shekarar 2019. Sun samu mutum miliyan 14 da dubu 300, masu shekara 15 zuwa 64, sun sha wiwi, ko tiramadol, ko kodin, ko makamancinsu, ba da umurnin likita ba, a cikin shekara guda. Watau kusan mutum ɗaya ke nan cikin bakwai. A Jihar Kano lissafin ya kai 16 cikin 100. Cikin kowaɗanne masu sha huɗu kuwa, ɗaya mace ce. Ba duk wanda ya taɓa ba ne abin ya kama. Binciken ya nuna ɗaya cikin biyar ne abin ya zama masa ciwo sosai. Amma ko da haka, ka ƙirga gidajen layinku ka gani.

Ran 1 ga Mayu 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi, bayan gidan rediyon BBC ya nuna ɓarnar da ya ke yi a Kano da sauran wurare. Hani ya yi amfani. Sai dai wanda jikinsa ya riga ya saba, hani ba ya warkad da shi. In ya rasa kwalba ya kan koma ƙwaya.

Ciwo ne ko iskanci?

Farkonsa ganganci ne, wannan ba a musu. Wani abokai suka ba shi. Wani lebura ne ko ɗan acaɓa, aka ce masa in ya sha ba ya gajiya. Wata kuwa a gidan biki aka zuba mata cikin lemo. Tiramadol maganin ciwo ne na gaskiya, likita ya kan ba da mai awo 50 ko 100. Wanda a ke sayarwa a ɓoye ya kan kai 200 ko 225, yaro kuwa ya haɗiye uku ko huɗu gaba ɗaya. Shi ke kawo jijjigar nan mai kama da farfaɗiya.

In aka daɗe ana sha, jiki ya kan saba har ya kasa aiki in babu. Ran da mutum ya rasa, kafin kwana ya zagayo sai hamma, da hawaye, da majina, da zufa. Sa'an nan ciwon gaɓoɓi kamar an yi masa duka, da murɗar ciki, da gudawa, barci ya ƙaurace masa. Abin ya kan tsananta a kwana na biyu da na uku, ya fara sauƙi bayan mako guda ko kwana goma. Yaron da ya yi rantsuwa gaban ubansa da safe, ya koma wa ƙwaya da dare, sau da yawa ba ƙarya ya yi ba. Wannan azaba ce ta kore shi. Akwai kuma ƙwayoyin sa barci, irin su baliyam da roci, waɗanda in aka yanke su farat ɗaya su kan jawo jijjiga har a rasa rai. Su sai likita ya riƙa rage su kaɗan kaɗan. Shi ya sa kulle yaro a ɗaki da kwaɗo ba magani ba ne.

Aikin gidan jiyya ke nan. A kwanakin farko ana ba mutum maganin da zai sassauta masa wahalar, ana lura da shi dare da rana. Bayan ya dawo hayyacinsa a zauna da shi a yi ta magana, a gano abin da ya jefa shi, a koya masa yadda zai kauce wa tsofaffin abokai, in da hali a koya masa sana'a. Sashi na farko gajere ne. Na biyun shi ne mai tsawo, shi ne kuma ba ya yiwuwa sai da iyaye, da mata ko miji, da malamin unguwa.

Me zai hana a kai gidan bayan gari?

Asibitocin ƙwaƙwalwa manya suna nan, kamar na Barnawa a Kaduna, da na Kware a Sakkwato, da na Maiduguri, da na Dawanau a Kano. Wanda ciwonsa ya yi tsanani, ko ƙwaƙwalwarsa ta juye, can a ke tura shi. Amma ku tuna da kuɗin mota. Uwar da sai ta sayad da akuya kafin ta je duba ɗanta, sau nawa za ta je? Matar aure kuwa da ke shan kodin a ɗakinta, mijin da zai bar ta ta tafi wani gari wata biyu, kowa ya sani, ba shi da yawa. In wurin yana kusa, ta kan iya zuwa da hantsi ta ga ma'aikaciya mace, ta komo ta ɗora tukunyar rana.

Wannan dabara ba sabuwa ba ce a ƙasarmu. A shekarar 1954 Likita Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta. Masu taɓin hankali ne ya ke dubawa, ba masu shan ƙwaya ba, amma tsoron da mutane ke yi iri ɗaya ne. Maimakon ya kulle su, sai ya yi shawara da sarakunan ƙauyukan da ke kewaye da asibitin, aka sauki majiyyata a gidajen mutane, kowa tare da wani danginsa. Da safe su je asibiti, da yamma su komo masauki. Masu gida suna karɓar kuɗin haya, aka kuma gyara wa ƙauyukan ruwan sha da tsabta. Tsarin ya yi suna har ƙasashen waje suna zuwa gani. A nan Arewa ma tsofaffinmu sun ga irin wannan. A shekarun 1950, da aka sami ƙwayar dafson, aka fara raba wa masu kuturta magani a ɗakunan shan magani na kusa da su, mutum ya karɓa ya koma gonarsa. Waɗanda da su ke ɓoye ciwon don tsoron a raba su da iyalinsu, sai ga su suna fitowa da kansu.

Tsoron maƙwabta

Shan ƙwaya ba a ɗaukarsa ta iska, ko ta ƙwarya, ko ta gaisawa. Ta hannun mai sayarwa da abokin banza ya ke yaɗuwa. Mai 'yan mata uku ya duba da kyau: samarin da ke zaune a kangon bayan makaranta da magariba, ba mai gadi, ba mai tambayarsu, su ne 'ya'yansa ke ratsawa yau. Wanda ke cikin gidan jiyya kuwa shi ne wanda ya gaji, ya ke neman fita.

Batun sata da faɗa, an auna shi a wani birni na Amurka, Baltimo, aka buga sakamakon a 2016. Masu binciken sun ƙirga laifuffukan duka da fashi a kewayen gidajen jiyya, suka gwada da na kewayen ƙananan kantunan unguwa, sai suka tarar na gidajen jiyya bai kai na kantunan ba. Garin wasu ne, halinsu dabam da namu, ban ce a ɗauke shi dungum a ɗora mana ba. Amma dai ya nuna abin da a ke zato ba lalle ne ya faru ba.

Maganar mai haya kuwa, ba ni iya yi masa alkawari. Wataƙila wani ɗan haya ya tashi da fari. Haka kuma gaskiya ne masu sayad da ƙwaya su kan so raɓar irin wannan wuri, don sun san akwai mai rauni a ciki. Kuma wani majiyyaci ya kan tsallake katanga. Waɗannan duka suna faruwa in an yi sakaci. Maganinsu tsari ne, tsarin kuwa maƙwabta ke da ikon nemansa tun ba a buɗe ƙofa ba.

Gidan da ya kamata a ji tsoro

A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa, cikin Kaduna, suka fitad da mutum fiye da 300, manya da yara, da yawa da mari a ƙafa da tabon bulala a baya. Iyaye ne suka kai da yawa daga cikinsu da hannunsu, wai a gyara musu hali. A watan Oktoba aka sake samun irinsa a Daura da Katsina. Gidan Rigasa a cikin unguwa ya ke, mutane suna wucewa ta ƙofarsa kullum.

Ban zargi iyayen nan ba. Uban da ɗansa ya sace masa buhun gero sau uku, ya ɗaga wa uwarsa hannu, in bai ga asibiti kusa ba, duk ƙofar da ya gani a buɗe nan zai shiga. In unguwa ta kori gidan likita, yaran ba su raguwa ko ɗaya. Sai dai a kai su inda ba mai leƙawa. Mari kuwa ba ya cire ƙwaya daga zuciya. Ya kan bar gyambo a idon sawu, na wanke irinsa da hannuna. A watan Janairu na 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, ta kuma ba majiyyaci haƙƙin a yi masa jiyya da mutunci.

Saboda haka in hukuma ko wata ƙungiya ta zo unguwarku da wannan magana, shawarata kada ku ce a'a tun daga bakin ƙofa, kada kuma ku ce to ido rufe. Ku ce a zauna gaban dagaci ko hakimi. Ku tambaya, wane likita ke da alhakin wurin, sau nawa zai riƙa zuwa a mako? Akwai takardar izni daga Ma'aikatar Lafiya ta Jiha? A nuna muku ita ku gani. Mutum nawa gidan zai ɗauka? Wa ke gadi da dare, akwai fitila a ƙofa? Ina sashin mata, wace ce ke lura da shi? Ku nemi a rubuta cewa ba mari, ba bulala, iyaye kuma suna da ranar ziyara. Ku nemi a sa mai unguwa, da liman, da mace guda dattijuwa cikin masu duba wurin, su shiga ran da suka ga dama ba sai sun aika ba. In aka ga baƙuwar fuska tana shawagi a bakin layi, a san wanda za a gaya wa, ko 'yan sanda ko ma'aikatan NDLEA, hukumar da aka kafa a 1989 don wannan aiki. Wanda ya zo da gaskiya ba ya ƙin amsa waɗannan. Wanda ya ce sirri ne, shi za ku ƙi.

In ya komo gida

Kada ku zaci an gama. Masu bincike a Amurka sun ce 40 zuwa 60 cikin 100 na waɗanda aka yi wa jiyya su kan sake taɓawa, kamar yadda mai hawan jini ya kan saki maganinsa ciwo ya tashi. In haka ta faru ba a yi asarar wahala ba, a mai da shi da wuri. Ku sama masa abin yi tun daga ranar farko, ko gona, ko shago, ko bin wani mai sana'a. Kada a riƙa kiransa da sunan da a ke kiransa da.

Abu guda kuma, uwargida ki riƙe shi da kyau. Wanda ya yi makonni bai sha ba, jikinsa ya saki sabon da ya yi. In ya koma ya sha adadin da ya ke sha da, yana iya kashe shi a daren. In kin ga barcinsa ya yi nauyi, ana tashinsa ba ya tashi, numfashi yana fita da ƙyar da minshari, leɓɓansa sun sake launi, kada ki ce a bar shi ya huce. Kada a ɗura masa madara, ko manja, ko ruwan rubutu, gama sai su bi ta hanyar numfashi su shaƙe shi. In yana jijjiga kada a cusa masa cokali a baki, a kawad da abin da zai buge shi kawai. A kwantad da shi a gefe guda, a nemi abin hawa nan da nan a kawo shi asibiti mafi kusa, ko da tsakad dare ne. A zo da kwalbar ko takardar ƙwayar da aka samu a aljihunsa, domin mu san abin da ya sha.