Tsohon Soja a Aikin Gwamnati: Haƙƙoƙinsa Idan Lafiya Ta Gaza

Sa'ad da yaƙin basasa ya ƙare a watan Janairu na 1970, yawan sojojin Nijeriya ya kai wajen dubu 250, alhali kuwa kafin yaƙin ba su wuce wajen dubu 10 ba. A shekarun da suka biyo baya Gwamnatin Tarayya ta yi ta rage yawansu, har da yawa daga cikin waɗanda aka sallama suka shiga aikin farar hula, wasu direbobi, wasu masu gadi, wasu akawuna. Waɗancan mazan jiya sun daɗe da yin ritaya, amma hanyar da suka bi ba ta toshe ba. Har yanzu akwai waɗanda suka tuɓe kaki bayan sun yi aiki a Laberiya, ko Saliyo, ko Arewa maso Gabas, suka kama aiki a ma'aikatun gwamnati, wasunsu da tsohon rauni a jiki.

Tambayar da irin waɗannan bayin Allah suka fi yi ita ce: idan lafiyata ta gaza kafin in cika shekara 60 da haihuwa, ko shekara 35 a bakin aiki, wa zai biya ni, Soja ko Ma'aikata? In na karɓi na wannan, na wancan ya faɗi ke nan?

Amsar a taƙaice ita ce, haƙƙoƙin iri uku ne, kowanne da dokarsa da ofishinsa, kuma karɓar ɗaya ba ya kashe ɗaya. Abin da ba a yi shi ne a biya mutum sau biyu a kan shekarun aiki guda, ko a kan rauni guda.

Haƙƙin da ya fito daga aikin soja

Duk raunin da mutum ya samu yana sanye da kaki, maganarsa tana wuyan Rundunar Soja. Tushen fenshon soja shi ne Dokar Soja mai lamba 103 ta 1979, Hukumar Fensho ta Soja da ke Dutsen Alhaji a Abuja kuma ita ke biya. A 2004 an shigar da sojoji cikin sabon tsarin fensho na tara kuɗi tare da sauran ma'aikata, amma a 2011 aka gyara dokar aka fitar da su, Dokar Fensho ta 2014 kuma ta tabbatar da haka. Watau fenshon soja daga baitulmalin Gwamnati yake fitowa, ba daga wani asusu da sojan ya tara ba.

Wanda kwamitin likitocin soja ya duba, aka sallame shi saboda rauni, takardar wannan kwamitin ita ce hujjarsa. Ma'aikatar farar hula ba ta da ikon canza abin da ke cikinta, ba kuma za ta biya diyyar harsashin da ya sami mutum tun kafin ta ɗauke shi aiki ba.

A nan ya kamata kowane tsohon soja ya sake duba takardarsa ta ɗaukar aiki. Bisa ga Ƙa'idojin Aikin Gwamnati, wanda ya riga ya zama ɗan fensho ana iya ɗaukarsa a kan kwantaragi, irin wannan aiki kuwa ba ya cikin ayyuka masu fensho. Wanda ya bar soja shekarunsa ba su kai na fensho ba, aka ɗauke shi aiki na dindindin, yana iya neman a haɗe masa shekarun soja da na farar hula, Ofishin Shugaban Ma'aikatan Tarayya ne ke duba irin wannan roƙo. Amma fa a yi lissafi kafin a rubuta takarda, domin shekarun da aka haɗe suna shiga cikin 35 ɗin nan, su kusanto da ranar ritaya.

Ritaya saboda rashin lafiya

Ma'aikacin Tarayya na dindindin yana ƙarƙashin Dokar Fensho ta 2014. Kowane wata ana cire kashi 8 daga cikin ɗari na albashinsa, Gwamnati ta ƙara kashi 10, a zuba cikin asusun ajiya mai sunansa, a hannun kamfanin fensho da ya zaɓa. A ƙa'ida ba a taɓa wannan asusu sai mutum ya kai shekara 50. To, amma sashe na 16 na dokar ya buɗe ƙofa ga wanda aka yi wa ritaya bisa shawarar ƙwararren likita ko kwamitin likitoci da aka kafa bisa ƙa'ida, suka tabbatar cewa jikinsa ko hankalinsa ba zai iya ɗaukar aikin ofishinsa ba, da kuma wanda ya sami naƙasa ta dindindin. Irin wannan mutum, ko shekarunsa 40 ne, zai fara cin fenshonsa, ko dai kamfanin ya riƙa biyansa daga asusun, ko kuma ya sayi inshorar da za ta riƙa biyansa har iyakar rayuwarsa.

Abin lura shi ne, wannan sashe bai tambayi inda ciwon ya samo asali ba. Ko tsohon raunin fagen fama ne ya tashi, ko hawan jini ne, ko makanta, abin da likitoci za su duba kawai shi ne ko mutumin zai iya aiki. Kuɗin da ke cikin asusun kuwa nasa ne, guminsa ne, saboda haka abin da yake karɓa daga wajen Soja ba ya rage shi.

Inda mutane suke cutar kansu shi ne wajen gaggawa. Mutum ya gaji da jinya, ya gaji da tambayar da ake yi masa a ofis a kan rashin zuwa aiki, sai ya ɗauki biro ya rubuta cewa ya ajiye aiki don kansa. Da ya yi haka bai kai shekara 50 ba, abin da doka ta yarda ya ɗiba bai wuce kashi 25 daga cikin ɗari na asusunsa ba, shi ma sai ya yi wata huɗu bai sami wani aiki ba, saura kuwa sai ya jira ya cika 50. Soja ya saba da haƙuri da ciwo, ya saba kuma da ƙin roƙo, amma neman kwamitin likitoci ba roƙo ba ne. Sai ya rubuta wa shugaban sashensa ya nemi a kafa masa kwamiti, ya haɗa da takardun asibiti, ya riƙe kwafe.

Ritayar nan ba hukuncin har abada ba ce. Dokar ta ba shi damar neman a sake duba lafiyarsa sau ɗaya a cikin kowace shekara biyu, in likitoci sun ga ya murmure ya kuma sami wani aiki, sai ya koma cikin tsarin. Wanda ya fara aiki kafin 2004 yana da kuɗin shekarun baya da Gwamnati za ta zuba masa a asusun, ko da yake ba ɓoyayyen abu ba ne cewa wannan biya ya sha yin jinkiri. Waɗanda suka yi ritaya a tsohon tsari kuwa, hukumar PTAD ce ke biyansu.

Diyyar rauni a bakin aiki

Haƙƙi na uku shi ne wanda aka fi mantawa da shi. Dokar Biyan Diyya ga Ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke gudanarwa, ta tanadi diyya ga wanda ya ji rauni ko ya kamu da cuta ta dalilin aikinsa, har da haɗarin da ya same shi a hanya tsakanin gida da wurin aiki. Dokar ba ta shafi sojan da ke cikin kaki ba, amma ta shafi tsohon soja da ya zama ma'aikacin farar hula, na dindindin ne ko na kwantaragi. Ba a cire ko kwabo daga albashinsa saboda ita, mai ɗaukar aiki ne ke biya. Wanda ya naƙasa gaba ɗaya, dokar ta yanka masa kashi 90 daga cikin ɗari na albashinsa a kowane wata.

To, yaya ke nan in sabon rauni ya hau kan tsoho? Mu ɗauki misalin kofur da aka sallama da ɗingishi a ƙafar hagu, ya zama direban ma'aikata, sa'an nan motar ofis ta yi haɗari da shi, ƙafar ta lalace sarai. Dokar ta ce za a auna naƙasarsa kafin haɗarin da naƙasarsa bayan haɗarin, a biya shi diyyar abin da ke tsakani. Ɗingishin farko yana wuyan Soja, ƙarin da haɗari ya jawo yana wuyan asusun diyya, ritayarsa kuma tana tafiya ta hannun kamfanin fensho. Ga ofisoshi uku a kan ƙafa ɗaya, kowanne yana biyan nasa rabo. Wannan ne ya sa ɓoye tsohon rauni a ranar ɗaukar aiki ba dabara ba ce, domin in babu takardar da ta nuna yadda ƙafar take a da, gardama za ta yi tsawo. Babu ma dalilin ɓoyewa, tun da dokar hana nuna bambanci ga naƙasassu, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta haramta a ƙi ɗaukar mutum aiki saboda naƙasa, ta kuma umarci hukumomin gwamnati su yi ƙoƙarin ware musu kashi 5 daga cikin ɗari na guraben aiki.

Diyya tana da wa'adi. Tilas ne ma'aikaci, ko wani a madadinsa, ya sanar da ofishinsa cikin kwana 14, ofishin kuma ya kai rahoto ga hukumar cikin kwana 7. Takardar neman diyya ana shigar da ita cikin shekara ɗaya, sai in akwai uzuri mai ƙarfi.

Takardu da wurin kai kuka

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun mutum yana da ƙarfinsa ya tattara takardar sallama daga soja, da rahoton likitocin soja, da takardun ɗaukar aiki da tabbatarwa da ƙarin girma, da lambar asusunsa na fensho, ya nuna wa iyalinsa inda suke. Ya kuma tabbata sunansa da ranar haihuwarsa iri ɗaya ne a cikinsu duka, domin saɓanin harafi ɗaya yana iya tsayar da fayil wata da watanni.

Sashe na 173 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana a riƙe fenshon ma'aikacin Tarayya ko a rage shi sai yadda doka ta yarda, ya kuma hana a ɗora masa haraji. Wanda ya ga an tauye shi a fenshon soja sai ya nufi Hukumar Fensho ta Soja, reshen Ƙungiyar 'Yan Mazan Jiya na jiharsa kuma yana iya nuna masa hanya. Kukan asusun ajiya ana kai shi ga Hukumar Fensho ta Ƙasa, watau PenCom, na diyya kuma ga ofishin NSITF mafi kusa. In duk wannan bai warware ba, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke da ikon sauraron ƙarar.